Maganin Ƙarfen da Na Haɗa wa Ɗan Riƙona

Ni dai a da ba a taɓa ba ni ko akuya kiwo ba, balle ɗan mutum, kuma duk wanda ya san ni a tashar Rano ya san dalili. Mai rake ne ni, jarina baro da wuƙa da baki. Karatun allo ban yi nisa ba malam ya gaji da ni, na boko kuwa na leƙa ta taga na ga ana zane wani, na ce a tashi lafiya. Wannan ma da kuke karantawa faɗa nake yi, 'yar riƙona tana rubutawa. In kun ga kuskure nata ne.

Yanzu an san gidana da riƙo. Yaron da ya gagari dangi, ko yarinyar da aka rasa inda za a ajiye, sai ka ji an ce a kai gidan mai rake. Wasu sun girma a hannunmu har mun aurar da su, wasu suna nan suna cinye mini riba. Amma daga kan yaro ɗaya aka fara, shi da ƙanwarsa, ita ce mai rubutun nan.

Kafin rake ni mafarauci ne, kuma ɗan tauri. A buga ganga in tuɓe riga in fito fili ina goga wuƙa a ciki da wuya, mata suna guɗa. Da aka ƙaddamar da Shari'a wa'azi ya yi yawa a kan irinmu. Ranar da na tafi sarin rake, maiɗakina ta tattara layuna da guraye da ƙullin magunguna ta zuba a masai. Na dawo na yi tsalle na dire. Ta ce, "Malam, in kana son kayanka ga fitila, shiga ka ɗauko." Tun daga ranar na zama mutumin kirki ba da son raina ba.

Uban yaran mutumin Zinyau ne. Ni na koya masa farauta, tun yana ƙarami shi ke riƙe mini karnuka. Matarsa ta rasu ta bar masa 'ya'ya biyu, namiji babba da mace ƙarama. Wata shekara bayan an gama girbi aka kira farauta ta haɗin garuruwa, na bi su don kallo da tsokana. Uban ya zo da ɗansa yana riƙe masa kare, yaron bai wuce shekara goma sha biyu ba.

Ƙa'idar dawa kowa ya san ta: wanda karensa ya fara kama nama shi ke da nama. Aka taso wata gada, karen uban yaran ya kama ta. Kafin ya ƙarasa sai wani dogo mai giɓi, daga wani ƙauye ta wajen Kibiya, ya ɗora ƙafa a kanta ya ce jifansa ne ya kayar da ita. Magana ta zama zagi, zagi ya zama gora. Ni ina bayan wata ɗorawa ina gyara takalmi, don duk sanda faɗa ya kaure takalmina yakan tsinke. Na dai ji ƙarar, irin ta kabewa in ta faɗo daga kan danga. Da na fito mutane sun watse, uban yaran yana kwance da saran barandami a tsakar ka, ƙafarsa tana shure ƙasa. Na tuɓe rigata na ɗaure masa kan, jini yana bulbulo mini ta tsakanin yatsu. Ɗansa yana tsaye da igiyar kare a hannu, bai yi kuka ba, bai ko matso ba. Kafin mu fito titi uban ya cika.

Aka je gaban hukuma aka nemi wanda ya ga saran. Manya duk suka ce ƙura ta hana su gani. Ni kuwa gaskiya ɗorawa na gani. Yaron ne kaɗai ya nuna mai giɓi, aka ce maganar yaro ba ta isa ba. Mai giɓi ya koma gida har da gadar.

Baffan yaran ya ɗauke su, ba a daɗe ba yaron ya fasa wa ɗan baffan kai da taɓarya. Aka mai da su wajen kawunsu, ya caka wa jakin kawun lauje a cinya. Sai aka taru a zauren baffan za a yi shawara, ni kuma na je gaisuwa na tarar da taro na zauna, don ban iya ganin taro in wuce ba. Kowa yana kawo uzuri. Wannan gidansa ya cika, wancan matarsa ba lafiya. Bakina ya yi mini ƙaiƙayi na ce, "Ku ba ni shi mana, in bai gyaru ba in fere shi in sayar a tasha."

Ina jiran dariya, sai na ji liman ya ce, "Alhamdu lillahi, Malam ya karɓa. A shafa fatiha."

Kafin in buɗe baki hannaye sun tashi. An shafa fatiha, ai magana ta ƙare, ba a tashi a ce wasa ake yi. Yarinyar ta riƙe rigar wanta ta ƙi saki, aka ce in haɗa da ita. Karen ma ya biyo mu ba wanda ya gayyace shi.

Ni da maiɗakina Allah ya ba mu haihuwa ya karɓi abinsa tun suna goye. Ta tsaya a bakin ɗaki ta dube mu, ni da yara biyu da kare. Ta ce, "Wa ya ba ka 'ya'ya?" Na faɗa mata. Ta ce, "Lalle ba su san ka ba." Ta kama hannun yarinyar ta kai ta wanka. Kafin sati ya zagayo yarinyar tana ce mata Inna, ni kuma Baba.

Shi kuwa ba ya kirana da komai. In ya zama dole sai ya ce "mai rake", kamar wanda ya zo saye. Ba ya ci da mu, sai ya ɗauki kwanonsa ya koma wajen kare. Duk ƙarfen da ya tsinta wasa shi yake yi: ƙusa, wayar keke, marfin gwangwani. Ya karya wa ɗan maƙwabcinmu hanci don ya ce masa maraya. Ranar da Inna ta ƙwace wata ƙusa da ya wasa, ya ɗauki dutse ya fasa mata randa.

Ranar na ce yau zan nuna masa akwai namiji a gidan. Na samo tsumagiya na shiga zuba masa. Ya tsaya kamar turmi yana kallona, ko ƙifta ido bai yi ba. Da hannuna ya gaji na tsaya shan iska, sai ya sunkuyar da kai ya taho da gudu ya tunkuye ni a baki. Haƙorina na gaba ya fita. Muka kama kokawa a tsakar gida, ya cije ni a kafaɗa har ya ciri fata, na shaƙe shi, muka birgima muka kifar da tukunyar miya a kan ƙafata. Inna ce ta raba mu da muciya, kuma ba ta bambanta babba da yaro ba.

Tana gasa mini baki da ruwan zafi ta ce, "Ka daki wanda ya ga an fasa kan ubansa, kana jira ya ji zafin tsumagiya?"

Ban sake dukansa ba. Ba don na yi hankali ba, haƙoran da suka rage nake tattali.

Haka muka yi ta tafiya shekara da shekaru. Na riƙa jansa tasha yana tura mini baro, ya iya fere rake har ya fi ni sauri. Amma hankalinsa yana kan hanyar Kibiya. Ya taɓa sace wuƙar rake ya kama hanyar a ƙasa, wani direba da ya san ni ya tsince shi ya dawo da shi a ɗaure da igiyar kaya. Ya sake, 'yan kamasho suka tare shi. A lokacin mai giɓi ya daina bin gada, siyasa ta buɗe masa kasuwa. Shi ne shugaban 'yan jagaliyar wani ɗan takara, yana yawo da zugar samari da adduna da gorori, idonsu jawur da ƙwaya. In yaron nan ya isa gare shi, ɗayan biyu ne: ko su daddatsa shi, ko ya yi sa'a ya kashe mutum ya ƙare rayuwarsa a ɗaure. Ni kuwa an shafa fatiha a kaina, kuma in faɗi gaskiya na saba da jin motsinsa a gida.

Wata rana da la'asar, kasuwa ta yi sanyi, gashin baki ya fara tsiro masa a lokacin, sai ya yi mini magana mai tsawo karo na farko.

"Mai rake, an ce kana da maganin ƙarfe."

"Wa ya faɗa maka?"

"Kowa ya sani. Ka ba ni."

Na buɗe baki zan ce maganin yana masai, sai shaiɗanina ya raɗa mini wata dabara. Duk maganin tauri yana da sharaɗi. Wani a hana shi cin wani nama, wani a hana shi wanka da wani ruwa, in ya karya magani ya karye. To wa ya hana ni in saka nawa sharaɗin?

Na ja shi rai har ya yi mini wankin kaya da share zaure. Sannan na saci garin kukar Inna, na haɗa da kanwa da toka da busasshen ganyen sabara, na barbaɗa barkono don ya ji aiki. Na kuma ɗauki wata tsohuwar wuƙa na yi mata aikin da wasu 'yan tauri ke yi in za a fita fili: na wasa gindinta wajen ƙota har yana aske gashi, sauran kuwa tun daga tsakiya har tsini na goge shi a dutse ya dakushe kamar bayan cokali, amma yana sheƙi. Wanda bai sani ba sai ya rantse duk kaifi ce.

Da hantsi na kai shi bayan gari gindin wata tsamiya. Na dama garin a ƙwarya, na yi ta motsa baki ina tofawa. Abin da nake karantawa kuwa sunayen garuruwan da nake sarin rake ne. Ya ɗaga ƙwarya ya shanye, hawaye suna zuba don barkono.

Na ce, "Saura sharaɗi. Daga yau ƙarfe ba ya cinka. Amma ranar da ka ɗaga ƙarfe a kan ɗan Adam, magani zai juya, duk saran da ya tare maka zai dawo jikinka gaba ɗaya. Rake ka sara, itace ka sara, mutum a'a."

Ya ce, "Gwada."

Na ɗauko karan rake na sare shi da gindin wuƙar, ya rabu biyu tas. Na ce ya tuɓe riga ya cika ciki da iska. Na ɗora dakusasshen wajen na ja da ƙarfi, na sake ja. Fata ta yi fari, ba jini. Ya dubi cikinsa ya dube ni. Ranar na fara ganin haƙoransa. Ya wuni yana zarya bayi saboda kanwa, na ce masa tsoro ne ke fita. Wuƙar kuwa na ɓoye ta ƙarƙashin buhun da nake shimfiɗawa a baro, don in na kai ta gida Inna za ta gano.

Abin ya ci. Ya daina wasa ƙusoshi, ya daina kallon hanyar Kibiya. Ya fara zama cin tuwo da ni, yana raka ƙanwarsa Islamiyya. Sai dai ya kama ɗaga duwatsu da naushin buhun yashi, na ce ƙuruciya ce. Daɗi ya cika ni har na kasa riƙe sirri, na faɗa wa Inna ina jiran yabo.

Ta ajiye tsintsiya. "Ka ce masa ƙarfe ba ya cinsa?"

"Har na gwada masa."

"To ka hana shi sara. Wa zai hana shi tsayawa a sare shi?"

Na ce mata mata ba su san harkar maza ba. Ta ce ai kuwa ta san garin kukarta da ya ragu.

Aka shiga kakar zaɓe. Ran kasuwa da rana tsaka sai ga motocin ɗan takara sun shigo tasha, lasifika tana ihu, samari a kan rufin mota da bakin ƙofa suna kaɗa adduna. Masu shago suka fara jan ƙofa. Mu masu baro ba mu da ƙofar ja. Al'adarsu in sun sauka su ɗebi abin da suka ga dama, mai ƙosai, mai lemo, mai rake, ba mai cewa uffan. Ina cewa yaron ya tura baro mu zagaya bayan masallaci, sai na ga inuwa a kan rakena.

Mai giɓi ne da kansa. Ya yi ƙiba, ya sa hula mai hoton ɗan takara, adda a hannu. Ya zaɓi kara mafi kauri ya ce, "Tsoho, fere mini wannan." Bai gane ni ba, balle yaron.

Karen ne ya gane shi. Ya tsufa, kullum yana kwance ƙarƙashin baro ko ƙuda ba ya kora. Sai ga shi ya fito ba haushi ba komai ya kafa masa haƙora a ƙwauri. Mai giɓi ya yi ashar ya sauke masa adda a gadon baya. Karen ya yi ƙara ɗaya, ƙafafunsa na baya suka saki, ya ci gaba da jan jiki da na gaba yana neman ƙafar mutumin. Ya ƙara masa a wuya.

Yaron yana riƙe da wuƙar fere rake. Na ga ya dube ta, ya ajiye ta a hankali a kan baro. Har na ji sanyi a raina. Sai ya tuɓe rigarsa ya yar, ya zagayo ya tsaya gaban mai giɓi, ya buɗe ƙirji ya cika ciki da iska, daidai yadda na koya masa a gindin tsamiya.

Ya ce, "Ni ne ɗan wanda ka kashe a kan gada. Sara. In ka gama ni kuma da hannu zan kashe ka."

Samarin suka yi da'ira suna ihu, sun samu kallo. Mai giɓi ya yi dariya, giɓin ya bayyana. Ni kuwa na kama kururuwa, "Kuka ce! Wallahi kuka ce da kanwa! Kai, miyar Innarka ka sha!" Ba wanda ya san abin da nake faɗa, wasu har dariya suke yi. Yaron ko waiwayowa bai yi ba.

Addar ta sauka daga kafaɗarsa ta hagu ta gangaro ƙirji. Naman ya buɗe fari fat kafin jini ya cika shi. Bai faɗi ba. Ya sunkuyar da kai yana kallon wurin, irin kallon wanda aka ba canjin da bai gane ba. Mai giɓi ya sake ɗaga addar, wannan karon kai ya nufa, daidai inda ya sari uban.

Ba ɗorawa a tashar Rano, kuma ranar silifas na saka. Ban san lokacin da na tsallake baro ba. Na dai miƙa hannun dama sama, na ji kamar an buga mini sanda mai sanyi. Na faɗa kan baro ya kife, rake ya watse ko'ina. Ina kwance na hango yatsuna guda biyu cikin ɓawon rake, na uku yana lilo da fata. Abin da ya fara zuwa raina shi ne, da wane hannu zan ci tuwo.

Mai giɓi ya matso zai ƙarasa aiki, ya taka karan rake, ya mirgina da shi, ya faɗi rigingine, addar ta yi gefe. Buhun baro ya zame, tsohuwar wuƙar nan ta faɗo kusa da ƙafar yaron tana sheƙi.

Ya dubi jinin ƙirjinsa. Ya dubi wuƙar. Na san lissafin da yake yi: magani ƙarya ne, to sharaɗi ma ƙarya ne. Ya ɗauka, ya haye cikin mai giɓi ya danne shi da gwiwa. Na kira shi, muryata ba ta fita ba. Ya ɗaga hannu har bayan kai ya sauke a wuyan mutumin da duk ƙarfin da ya tara yana ɗaga duwatsu. Ya sake. Ya sake.

Mai giɓi yana kakari, idanunsa sun firfito, ya jiƙa wandonsa. Wuyan ya kumbura ya yi shati baƙi, amma ba jini, sai wanda ke ɗiga daga ƙirjin yaron. Tasha ta yi tsit. Sai wani daga cikin samarin ya kwarma ihu, "Ƙarfe ba ya cin maigida! Tauri! Tauri!" Suka ɗauka gaba ɗaya. Ɗaya ya maka wa yaron gora a baya ya kife, suka ja maigidansu suna masa kirari, yana tari yana dafe maƙogwaro, suka cusa shi mota. Direbobi da 'yan kamasho suka fito da duwatsu da ƙarafan taya, aka fasa gilashi, motocin suka fice a guje.

A bayan wata motar tumatir aka kai mu asibiti. Aka ɗinke shi kamar buhu, aka ƙara masa jini. Ni aka ƙarasa cire mini yatsa na ukun, aka bar mini babban yatsa da manuni, daidai na nuna mutum in yi tsokana. Gadonmu yana kusa da juna. Inna ta zo da kunu, ta dube ni ta dubi hannun, ta ce, "Sannu, boka." Ba ta ƙara ba, kuma da ta ƙara da ya fi mini sauƙi.

Yaron ya yi kwanaki fuskarsa na kallon bango. Wata safiya ƙanwarsa tana ba ni kunu a cokali, sai na ji ya ce, "Baba."

Na waiga ina neman wanda ya shigo.

"Baba, ashe kai maƙaryaci ne."

"Duk Rano an sani, kai kaɗai ka makara."

"Me ka ba ni na sha?"

Na lissafa masa, har barkonon. Ya fara dariya, ɗinkin ya ja shi, ya koma nishi. Can ya ce, "Wuƙar fa?" Na faɗa masa yadda ake yi mata. Ya shafa ɗinkin ƙirjinsa.

"Na sare shi fa. Da niyya na sare shi."

"Na gani."

"Da saran farko ya sauka na ɗauka ya mutu. Na ga idonsa." Ya juyo ya dube ni. "Irin na babanmu ne ranar nan. Na zaci zan ji daɗi."

Ƙanwarsa ta ajiye cokali ta ce, "Yaya, da ta yanka da yanzu ba ni da kowa sai wannan tsohon." Na ce mata tsohon yana jinta.

Da muka koma gida sai ga matsala: mai yatsa biyu ba ya fere rake. Na gwada da hagu na kusa ƙarasa wancan hannun. Ban roƙe shi ba. Da asuba na ji ƙarar baro, na fito na tarar ya ɗora kaya yana wasa wuƙa, ta gasken. Ya ce, "Kai ka zauna ka yi surutun, shi ka iya." Tun daga ranar shi ke fere, ni ke kiran masu saye.

Amma kullum ina kallon wuƙar nan a hannunsa, kuma yanzu ba ni da wata ƙaryar da zan ɗaure shi da ita. Mai giɓi kuwa na yi masa suna a banza. Har Kano ana labarin an sassare shi a wuya ƙarfe ya ƙi ci, samari suna bin sa ya ba su magani.

Bayan zaɓe da 'yan watanni, ran wata kasuwa, sai ga shi ya sauko daga motar haya shi kaɗai. Ɗan takararsu ya faɗi, zuga ta watse. Ya naɗe wuya da rawani, an ce tun ranar muryarsa ba ta dawo daidai ba. Dole ta gabanmu zai wuce ya hau motar Kibiya. Ya gan mu ya rage tafiya, don komawa baya abin kunya ne. Yaron yana tsakiyar fere wa wata mata rake, wuƙar tana cin ɓawo kamar ana yanka sabulu. Hannunsa ya tsaya. Tsakaninsu bai fi tsawon karan rake ba. Na duba hagu da dama, ba abin da zan iya sai in miƙa ɗaya hannun, na kuwa fara miƙa shi.

Suka dubi juna. Mai giɓi ne ya fara sauke ido, ya ja rawaninsa sama, ya wuce yana ɗingishi ta ƙafar da kare ya ciza.

Matar ta ce, "Kai ɗan nan, motata za ta tashi."

Ya ce, "Yi haƙuri, Hajiya." Ya ƙarasa ferewa, ya daddatsa gaɓa-gaɓa ya zuba mata a leda. Da ta tafi ya goge wuƙar a buhu, ya ga hannuna na hagu har yanzu a miƙe.

Ya ce, "Baba, mai da hannunka aljihu. Shi kaɗai ya rage maka na cin tuwo."